Bututun da na juya cikin gida

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya kai ki Kebbe lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa ƙafar da za ki taka gidan mijinki da ita ta zama ƙafar alheri gare ki da su baki ɗaya. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta. Da tana nan, ita za ta zaunar da ke bakin gado ta gaya miki abin da ake gaya wa ɗiya, ni kuwa in tsaya zaure ina karɓar baƙi, aikina ke nan. To ba ta nan, aikin ya faɗo kaina, kuma ban iya shi da baki ba.

Ni da ke ba mu saba doguwar magana ba. Ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata kinka ci, kunya biyu ke nan ta haɗu mini wuri guda. Tun kina rarrafe ban taɓa kiran sunanki ba, ba kuma yau zan fara ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Na ba Gwaggonki Hajo takardar ta sa miki cikin akwati, ki karanta bayan 'yan rakiya sun watse. Kada ki duba munin rubutun, hannu ne da ya saba da sifanar kwance inji.

Makon nan an cika miki kunne da kalma guda. Duk tsohuwar da ta shigo, haƙuri. Duk wadda za ta fita, haƙuri. Gaskiya sunka faɗa, aure ba ya zama sai da shi. Ki yi haƙuri da halin miji, da bakin dangi, da ranar babu. Amma akwai abu guda da nake so ki ƙi yin haƙuri da shi, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Hayaƙi ne.

Ranar kasuwar Kebbe da ta wuce na hau babur na tafi can. Na ce wa mutane zan duba shinkafa, kuma na duba, ban yi ƙarya ba. Daga nan na bi ta gidan da za ki zauna da angonki Malam Sirajo, wanda kawunsa ya ba ku. Gida ne mai kyau, ban raina ba, gini mai ƙwari, an yi sabon daɓe. Sai dai bango ɗaya ya raba shi da rumfar injin casar shinkafa na kawun mijin naki. Tun kafin idona ya gani hancina ya gaya mini. Na zagaya ta kangon da ke baya, na leƙa ta inda katanga ta yi ƙasa. Bututun salansar injin ya huda bango, bakinsa na kallon tsakar gidanku, daidai gefen da anka yi madafa. Sama da shi ga baƙin tabo ya hau bango kamar harshe. Uwata, kin san irin wanga tabo, akwai shi gidanmu. Gabansa kinka koyi tafiya. Da yatsa kike zana baƙaƙe cikin kunkunniyarsa, ni kuwa ina kiran mutane su zo su ga ɗiyata ta iya rubutu.

Ban gaji ko allura ba, kin sani. Ina aji uku na sakandare mahaifina ya rasu, na aje littafi, na baro Jabo da ƙafa na shigo Tambuwal da rigar da ke wuyana. Na yi dakon buhu, na yi wa wani mai injin niƙa wanke-wanken ƙarfe, ina kallon hannunsa har na ƙwace sana'ar da ido. Injina na farko mushe ne na saya, wanda masu shi sunka fid da rai gare shi. Na kwance shi ƙusa-ƙusa na tada shi. Ranar da ya yi tari ya kama, ban iya cin abinci ba don murna. Ba don alfahari kaɗai nake faɗin wannan ba, ko da yake akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Na faɗa don ki gane yadda mutum kan so abu har ya daina ganin aibinsa. Ƙarar injin nan kiɗa ce a kunnena, warin gas ɗinsa kuwa warin arziki.

Da na gina gidanmu, na sa injin a ɗakin da ke jikin zaure, don in riƙa jin sa ko ina cin tuwo. Da farko bututun waje yake kallo, wajen titi. To dakalin ƙofar gidanmu nan ne majalisar unguwa, nan dattawa ke zama tsakanin sallah da sallah. Wata rana Malam Buba ladan ya ja ni gefe cikin mutunci, ya nuna mini hannun farar rigarsa. Ya ce hayaƙin na damun mutane, har liman ya fara sauya hanya, in da hali a yi wani abu. Ni kuwa lokacin ƙuruciyar arziki na kaina, so nake a ce Mamman mai inji yaro ne mai jin maganar manya. Ban bari rana ta faɗi ba na kira mai walda, munka sa wa bututun gwiwa, munka huda ɗaya bangon, munka juya shi ciki. Washegari majalisa ta yi ta sa mini albarka. Har cewa anka yi samarin unguwa su yi koyi da ni.

Ban tambayi mahaifiyarki ba. Ba ɓoye mata na yi ba, tunanin ne bai zo mini ba sam. A ganina na kawar da hayaƙi daga kan mutane. Ban tuna cikin gida ma mutane ne ba. Ga shi ni fita nake, yau in tafi Sanyinna gyara, gobe in tafi Sakkwato sayen kaya, in na dawo in zauna majalisa inda iska ke kaɗawa. Dattawan da na tausaya wa zaman ɗan lokaci suke yi su tashi. Ita kuwa tana cikin katanga fuɗu tun tashin inji har mutuwarsa, shekara da shekaru, ga hayaƙin itace gabanta, ga na gas bayanta.

Ki riƙe wannan. Iskar gida ta mai zaman gida ce. Namiji baƙo ne a gidansa, kwana yake zuwa yi. Duk abin da za a kafa, ko a ƙona, ko a zuba kusa da inda kike wuni, ke ce mai haƙƙin magana a kai, ko an tambaye ki ko ba a tambaye ki ba.

Alamu sun yi ta zuwa, ni ne ban karanta ba. Ta matsar da igiyar shanya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta daina ɗinka farin zane, ta ce wai ya fita ranta, alhali da farin mayafi na fara ganinta a duniya. Kwanonin jerenta kullum sai ta goge, kullum tsumman ya fito baƙi. Lemun da ta dasa ganyensa ya yi dafe-dafe, ya ƙi 'ya'ya, na ce ƙasar ce ba ta karɓe shi ba. Ban tuna ta taɓa yi mini zancen ba sai wata rana cikin raha, tana miƙo mini ruwan wanke hannu, ta ce in na ga ta yi baƙi kada in ce an sauya mini mata. Na yi dariya na ce ai baƙin arziki ne. Ba ta sake ba. Matan unguwa kuwa da ita suke misali. In ɗiya ta yi yaji sai a ce je ki ga matar Mamman mai inji, cikin ƙara da hayaƙi take, ba a taɓa jin kanta ba. Ni ma nakan ji daɗi in an faɗa.

Kuma ba bututun kaɗai ba ne. Baƙin man da nake juyewa daga inji ban taɓa zubar da shi a banza ba, ina ganin wayo ne. In zuba a masai don wari da sauro, in shafa a gindin bango da azara don gara, in yayyafa a tsakar gida ƙasa ta kwanta. Maƙwabta su aiko da galan in cika musu kyauta, ina jin kaina mai alheri. Tsummokaran goge hannu, da tsohon bel, da leda, duk bayan ɗaki ake tara su a cinna musu wuta. Da damina in itace ya jiƙe, da tsumman mai ake hura murhu. Rijiyarmu kuwa ga ta nan kusa da masai. Akwai shekarar da ruwan ya fara wani maiƙo a sama, mai launi-launi in rana ta haska shi. Na ce gugan ne, na sayo sabo. Yau rijiyar na rufe da kankare, kin gani, amma an daɗe ana sha kafin in rufe. Don haka kada ki bari a shigo miki da baƙin mai gida, ko wa ya ce magani ne. Kada ki hura wuta da leda ko roba, ko da tuwo zai makara. In ana ƙona bola jikin katangarki, ki aika a roƙa da girma da arziki. In ruwa ya sauya wari ko ɗanɗano, ki yarda da harshenki.

Sauran labarin kin san shi, don ke kinka yi jinya. Tari ya fara, na ce sanyi ne. Na sayo na kemis, na sayo na jiƙo, na ce gidana ba a doguwar cuta. Ita kuma tana ɓoye ƙyallen da take tofawa ciki, sai da Gwaggonki Hajo ta gani da jini, sai da zobe ya fara zamewa daga yatsarta, sannan na ɗauke ta zuwa Sakkwato. Anka yi hoton ƙirji, anka yi gwaje-gwaje, anka ce ciwon daji ne na huhu, kuma ya yi nisa.

Akwai abin da ba ki ji ba a ranar, don kina waje riƙe da kwandon abinci. Likitan ya tambaya ko tana shan taba. Raina ya ɓaci, na ce ya dubi matar da kyau tukuna. Ya ce to a gidan fa, akwai mai sha? Na ce ni ban taɓa sa ta a baki ba, ban kuma haifi mai sha ba. Sai mahaifiyarki ta ɗago daga filo tana murmushi, da 'yar muryar da ta rage mata, ta ce:

"Likita, akwai guda. Shina nan jingine ga bango, tun hantsi shi ka busa har la'asar. Amma shi ka ciyar da mu, shi ya sa ba mu hana shi."

Likitan bai yi dariya ba. Ya juyo ya dube ni. Da bakina na yi masa bayani: irin injin, irin man da yake sha, inda bututun ke kallo, da dalilin da ya sa yake kallon can. Ina magana ina jin muryata kamar ta wani.

Zan gaya miki abin da ya ce yadda na fahimta, ba ƙarin gishiri. Ya ce ba wanda zai rantse cewa bututun nan ne ya kawo ciwon, don akwai masu kamuwa ba su taɓa zama kusa da inji ba, akwai kuma masu zama kusa da shi su tsufa lafiya. Amma ya ce hayaƙin gas na cikin abubuwan da masana sunka tabbatar suna jawo dajin huhu in an daɗe ana shaƙa. Hayaƙin itace a wurin da iska ba ta fita ma yana da nasa, haka na roba da taya, kuma baƙin mai ba abin wasa ba ne a fata ko a ruwan sha. Ya ce abin ba ya nuna kansa yau ko gobe, taruwa yake a hankali, sai mutum ya manyanta ya fito, lokacin an manta da mafarinsa. Na riƙe farkon maganarsa na kwana biyu ina lallashin kaina da shi. Ƙarshenta ne ya ƙi barina. Mutane sun ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma Allah bai kama hannuna ya sa wa bututu gwiwa ba.

Da munka dawo gida na kwance injin na kai shi bayan gari, inda yake yanzu. Uwata, da hantsi munka fara, kafin azahar an ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Ƙanƙantar aikin ita ta fi ci mini rai har gobe. Da yamma ta sa anka fito da ita tsakar gida kan tabarma, ta yi shiru tana saurare, can ta ce ashe akwai tsuntsaye a unguwar nan. Ba ta taɓa ce mini ga laifinka ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ranar ta'aziyya Malam Buba, ya tsufa tukuf, ya riƙe hannuna yana hawaye, ya ce wallahi bai taɓa tambayar kansa inda hayaƙin ya koma ba. Na ce masa ba shi kaɗai ba.

Ke ma cikin hayaƙin nan kinka girma, ke da ƙannenki. Ba don in tsorata ki na faɗa ba. Ƙila ba abin da zai same ki har ki ga jikoki, haka kuma nake roƙo kowace sallah. Amma ki san tarihin ƙirjinki. In tari ya yi makonni bai tafi ba, ko kinka ga jini, ko rama ba dalili, ko wani ƙullutu a jiki, kada ki tsaya kemis kamar yadda na tsaya. Ki je asibiti, ki gaya musu a gidan inji kinka tashi, ko ba su tambaya ba. Kunya ado ce ga ɗiya, amma ba a kai ta gaban likita.

Yanzu mu koma Kebbe. Da Malam Sirajo ya zo gaisuwa na yi masa zancen. Yaron kirki ne, malamin makaranta, ya gane tun ban rufe baki ba. Ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu za a duba. Na san irin wannan za a duba. Kawun nan shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya yi masa karatu, shi ya ba shi gida. Da wane baki zai ce masa injinka zai dami matata? Kuma kawun ba mugu ba ne. Na tambaya a kasuwa, anka ce da can bututun hanya yake kallo, masu shaguna sunka yi ƙorafi, ya juya shi cikin gidan tun lokacin ba kowa ciki. Ina jin haka na ga kaina a jikinsa, kamar a madubi. Ban ce zai saurare ni da sauƙi ba. Tun rasuwar mahaifiyarki nake bin masu inji na ƙasar nan ina gaya musu, wasu sun ji, wasu kuwa sai na juya baya su ce Alhaji ya tara nasa, yanzu ya koma wa'azi.

Ga abin da zan iya. Kangon da na tsaya ciki na kawun ne, kuma can ƙarshensa, wajen gonaki, akwai inda inji zai zauna iska ta kwashe hayaƙin ta yi daji da shi, ba kan kowa ba. Na riga na auna da ido. Na sa an haɗa dogon bututu, yana jingine a rumfata, na ware kwano da katako na sabuwar rumfa. Da hannuna zan yi aikin, in bar masa injin yana kiɗa fiye da yadda na same shi. Daga Tambuwal har Kebbe ba wanda zai koya mini yadda ake zaunar da inji.

Sai dai kin san abin da hakan ke nufi. Uban amarya ba ya zuwa gidan surukai da sifana tun lalle bai goge ba. Za a ce ɗiyar mai inji ta zo da sharaɗi, za a ce ubanta ya raina kyautar mutane. Ni ba zan ji ba, ina Tambuwal. Ke za ki zauna da maganar, gidan biki da gidan suna. Gwaggonki ta ce in bari ki haihu tukuna, ki yi saiwa a gidan. Na ce mata ai ciki da jaririn su ne ba na so su tarar da bututun. Ta ce to ka tafi kawai mana, ba kai ne uba ba? Na kusa. Har na ɗaure akwatin kayan aiki a babur. Sai na tuna wancan karon ma da kyakkyawar niyya na yanke hukunci kan iskar da mace za ta shaƙa ban tambaye ta ba. Na sauke akwatin.

Don haka ina tambayarki, Uwata. Tun da na baro Jabo ban taɓa durƙusa wa ɗan Adam ba, ko ranar da na kwana da yunwa. Amma in kin yarda, zan sa babbar rigata in je zauren kawun mijinki, in cire takalmi, in zauna ƙasa, in ba shi labarin mahaifiyarki tun daga farko, in roƙe shi. Zan ce ni na gani da idona, ke ba ki ce komai ba, kuma gaskiya ce. In ya ƙi, mun san inda munka tsaya, sai mu sake shawara da mijinki. In kuma kin ga a dakata, gidanki ne, zan dakata ina cizon yatsa. Sai dai ki matsar da murhunki nesa da bangon nan, ki riƙa rufe ruwa da abinci, ki koma ɗaya gefen gidan in injin ya tashi. Kuma in na aiko miki da farin zane, kada ki ce mini ya fita ranki.

Na san ba za ki iya buɗe baki ki ce mini Baba ka zo ba. Ba sai kin ce ba. Ki shawarci mijinki, in kun daidaita ki yi mini filashin. Duk Tambuwal an san ni ba na bin mai filashin, nakan ce mai magana ya sa kati. Naki zan bi, da babur. Wayar na aljihun gaban rigata, na sa an ƙure mata ƙara saboda kunnen nan da inji ya cinye. Akwatin kayan aikin kuwa yana nan bakin zaure, ban mai da shi ciki ba.

Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Allah ya sa ki shiga zuciyar dangin mijinki, ya tsare ki daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, ya tsare miki numfashinki, ke da abin da za ki haifa. Allah ya sa ki tsufa a ɗakinki da farin mayafi. Ki gaishe mini da Malam Sirajo.

Wassalam.

Mahaifinki,
Mamman mai inji, Tambuwal.